DAGA WAIGI ZUWA WAYA: WA KE CETONMU IDAN MOTA TA TSAYA A HANYAR DAYI?

Jama'a, kaka ta yi. Duk wanda ya zauna a bakin mararrabar Dayi zai ga abin da nake nufi. Kanta da daf da tirela sai wucewa suke, an laƙa musu masara da dawa da waken suya har buhu na leƙen ƙasa. Wasu su karya ta Gwarzo su nufi Dawanau, wasu su miƙe Malumfashi da Bakori zuwa Funtuwa, wasu su yi arewa ta Yashe. Kuma kowace shekara, daidai wannan lokacin ne muke yawan tashi da hotuna marasa daɗin gani a Facebook, a rubuta Innalillahi, a yi ta'aziyya, bayan kwana biyu a manta.

Tambayar da nake so mu tauna yau ita ce: idan mota ta mutu ko ta kife a tsakiyar daji, tsakanin wannan gari da wancan, wa ke fara isowa? Idan muka bi tarihin hanyar nan, amsar ba ta taɓa canjawa ba. Wanda ke cikin motar ne, sai mutanen ƙauyen da ke kusa. Abin da ya canja shi ne yawan abin da mutumin cikin motar ya sani. Ku biyo ni a hankali.

ZAMANIN DA MOTA KE TAFIYA DA LIKITANTA

Kafin mota, jaki da raƙumi da takarkari ne ke ɗaukar kayan ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wannan layin dogo shi ya ɗaga Funtuwa. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, saboda haka duk audugar da aka noma a ƙauyukanmu dole ta nemi hanyar zuwa inji, daga inji ta nemi tasha.

Mota kuwa da farko abin sarakuna ce da Turawan mulki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko na cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallake ta. Sannu a hankali manyan motocin kaya masu bodin katako suka fara ƙwace aikin jakuna, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Hanyoyin lokacin yawanci burji ne. Da rani gargada da ƙura, da damina taɓo. A wurare da dama idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai a sa shinge a hana manyan motoci wucewa har ƙasa ta tsane, don kada su farfashe hanya.

To ka duba halin direban wancan zamani. Babu waya, babu gareji sai a babban gari, babu mai zuwa ya ja ka. Idan mota ta tsaya maka a daji, ko ka gyara ta ko ka kwana uku a gindin bishiya. Shi ya sa ba a zama direba a wata guda. Yaro zai shekara da shekaru yana karen mota. Shi ne wanke mota, shi ne ɗebo ruwan lagireto, shi ne kwanciya a ƙarƙashi yana miƙo sifana. Kuma shi ne mai waigi, wato guntun katakon nan da yake riƙe da shi a bayan mota. Da mota ta tsaya a kan tudu zai diro ya cusa shi bayan taya, don kada ta zame da mutane. Kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari, ya riga ya san kukan inji mai lafiya da na mara lafiya.

Kowace safiya, kafin a tayar da mota, akwai wani abu kamar wuridi: a duba ruwa, a zaro sandar baƙin mai, a bubbuga tayoyi, a taka birki a ji, a leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya ɗiga da dare. Direba a lokacin mutum ne mai daraja, ana yi masa kallon mai ilimi. Ba banza ba Mamman Shata, haifaffen Musawa nan kusa da mu, wanda kuma ya yi zamansa a Funtuwa, ya yi wa direbobi waƙa. Manyanmu har yau suna tuna ta Bawa Direba.

LOKACIN DA MOTA TA ZAMA TA KOWA

Shekarun 1970 su suka juya komai. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, don ta daidaita da maƙwabta irin su Nijar da Kamaru da Dahomey. A dare ɗaya aka ce duk direban ƙasar nan ya sake hali. An yi ta wayar da kai a rediyo da tashoshin mota kafin ranar, kuma abin ya zauna. Ku riƙe wannan, domin yana nuna cewa direbanmu yana koyo idan aka koya masa da gaske.

Sai kuɗin fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka fara sayen mota. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Fijo 404 da 504 suka cika hanya, a-kori-kura ta zama jakin manomi. A shekarar 1975 ɗin dai aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya buɗe hanyoyin karkara, ya kawo taki da ingantaccen iri, masara ta zama amfanin gona na kasuwa. Kaya suka ƙaru, motoci suka ƙaru, kwalta ta miƙe, gudu ya samu wuri.

Amma a nan ne ilimi ya fara fita daga cikin mota. Malamin makaranta ko ma'aikacin En'e da ya sayi fijo bai yi karen mota ba. Ya koyi tuƙi a fili cikin sati biyu, gyara kuwa sai bakanike. Duk da haka akwai sauƙi, domin fijo mota ce mai sauƙin kai. Kafireta ce da fulogi da fambel, kayan gyaranta sabbi ne, kuma kusan kowane gari akwai wanda ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Haɗari ya yi yawa har gwamnati ta farga. Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra tata a 1977. A watan Fabrairun 1988, zamanin Janar Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muke kira 'yan Road Safety, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Watanni biyar ke nan kacal da ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumban 1987. A farkon 2003 suka fara tilasta ɗaura bel, wanda wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro samfurinsa na zamani tun 1959. Ka ga shekara arba'in da huɗu tsakani, kuma har gobe akwai mai rataya bel a kafaɗa idan ya hango jami'i, ya saki da ya wuce.

ZAMANIN BELJIYAM

Daga 1986, da shirin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Aka koma wa gwanjon Turai da muke kira Beljiyam, yawanci ta Kwatano, wasu su zagayo ta Maraɗi su shigo ta Jibiya. Golf da Sharon da sauransu suka gaji fijo a tasha. Motar da ta gama aiki a Jamus, ta zo nan ta fara sabuwar rayuwa da mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokacin har da na cikin but.

Bayan mota sai kayan gyara su ma suka zama Beljiyam, har da taya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tayar da aka cire a ƙasar sanyi don ta tsufa, ita muke ɗora wa buhu goma a kan kwaltar watan Afrilu. Kuma injin ya canja. Motocin yanzu na'ura ce ke sarrafa su, fitila ta kama a gaban direba, a ce masa ba komai, a liƙe ta da baƙin salatif.

Sai wayar hannu ta zo a 2001, muka ce mun huta. Mota ta tsaya, ka kira bakanike ya hau babur ya same ka. Waya ta maye gurbin waigi. Mutane da yawa a yau ba su san inda jak ɗin motarsu yake ba, wasu safaya tayar tasu ta fi shekara babu iska.

Amma mutanen yankin nan sun ga iyakar waya da idonsu. A watan Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Malumfashi da Bakori da Funtuwa. Aka shafe watanni a haka. Wanda motarsa ta tsaya a lokacin ya koma daidai inda direban 1950 yake, sai dai shi babu karen mota, babu sifana, babu ilimin. Kuma dajin da kakanninmu ke iya shimfiɗa tabarma su kwana kusa da mota, yanzu daji ne da ba ka son ka yi minti goma a tsaye bayan magariba. Wannan shi ne abin da ya sa kula da mota a yau ya wuce maganar tattalin kuɗi. Maganar rai ce ta fuska biyu: haɗarin da kansa, da kuma inda mota za ta ajiye ka.

Na san abin da wasu za su ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, direban haya yana lissafin kuɗin mai da na balas da na tasha, me ya rage na sabuwar taya? Gaskiya ne, kuma laifin ramukan hanya ba na direba ba ne. Gwamnati na da nata kason, babba ma. Amma yawancin abin da tsofaffin direbobi ke yi da safe ba ya cin ko kwabo.

ABIN DA YA KAMATA MU DAWO DA SHI

Na farko, wuridin safe. Ruwa, baƙin mai, man birki, fitilu, tayoyi har da safaya. Minti biyar ne. Idan man birki yana raguwa, akwai inda yake zuba, a nemo wurin. Don Allah a daina zuba ruwan omo a madadinsa. Birki yana ɗaukar zafi, ruwa kuma yana tafasa, ranar da ya tafasa za ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa.

Na biyu, ka koyi karanta taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2018. Taya na iya zama da zane raɗau amma robar ta mutu. Idan ka ga tsatstsagewa ko ƙullutu a gefe, ta gama. Iska kuma akwai adadin da kamfani ya rubuta, galibi a jikin ƙofar direba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kada a bar mai faci ya yi ta durawa yana bugawa da ƙarfe yana cewa ta yi.

Na uku, kayan cikin but: jak mai aiki, sifanar taya, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, abin kashe gobara, tocila, galan na ruwa, igiyar ja, tsumma mai tsafta ko bandeji. Ka ƙara da guntun katako. Eh, waigi. Har yau babu abin da ya maye gurbinsa idan za ka ɗaga mota a wuri mai gangare.

IDAN ABIN YA FARU

Taya ta fashe kana gudu: kada ka danna birki. Wannan ne ke juya mota. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ka sassauta ƙafa daga totur a hankali, ka bar mota ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe.

Birki ya ƙi: ka yi ta famfa shi, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu sannu sannu. Kada ka fizge shi, kada kuma ka zare makulli, sitiyari na iya kullewa.

Inji ya yi zafi: ka tsaya ka kashe, ka jira ya huce. Buɗe murfin lagireto da zafinsa ya toye fuskar mutane da yawa.

Mota ta tsaya: ka fitar da ita daga kan kwalta gaba ɗaya ko da turawa ne, ka kunna fitilun gargaɗi, kowa ya fito ya koma can nesa da titi. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ya gan ka, ya taka birki, ya tsaya, ya ci kusan tsawon filin ƙwallo. Saboda haka ganyen da ake karyowa a ajiye taku biyar bayan tirela bai tsare kowa ba. A kai alama can nesa, idan a kwana ne a kai ta kafin kwanar. Kuma idan an gama gyara a kwashe duwatsu da rassan da aka sa. Dutsen da wani ya bari da rana, shi ke kayar da mai babur da dare.

Idan wurin da ta tsaya bai kwanta maka ba, ka lallaɓa ko a kan tayar da ta sace ne har ka kai gari ko shingen jami'an tsaro. Ana sayen wani rim ɗin. Mafi kyau ma, ka tsara tafiyarka ta yadda rana ba za ta faɗi kana tsakanin garuruwa ba.

Idan kuma kai ne ka tarar da haɗari, ka fara ajiye taka motar nesa, ka sa wani ya tsayar da masu zuwa, a kashe injin motar da ta faɗi, kada kowa ya kunna sigari. A kira 122, lambar 'yan Road Safety, ko 112. Mai zubar da jini, a danne wurin da tsumma da ƙarfi, kada a saki. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki, yana iya shaƙewa. Idan yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kai da wuya da gadon baya a miƙe. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a fizgo shi ta hannu da ƙafa kamar buhu, sai fa idan wuta ce ke shirin tashi. A nemo allo ko ƙyaure, mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kai. Akwai mutanen da haɗari ya bar su da lafiyar ƙafa, ɗaukar masu taimako ce ta zaunar da su har abada.

Masu tsoron kai mutum asibiti kada a riƙe su, ku sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, kuma dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta sa hukunci a kan asibitin da ya kori wanda ya yi haɗarin mota.

Sai maganar tanka. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ya isa wa'azi. Tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru da bokiti, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku aka maimaita a mararrabar Dikko ta Jihar Neja. Tururin fetur ba ya buƙatar ashana, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Idan tanka ta faɗi, taimakon da za ka yi shi ne ka gudu, ka kori yara, ka hana mutane matsowa.

Na ƙarshe, masu ɗaukar hoto. Hannun da ke riƙe da waya yana ɗaukar bidiyon mutum cikin jini, da shi za a danne raunin. Kuma ba daidai ba ne uwa ta fara ganin gawar ɗanta a WhatsApp.

INA MAFITA?

Muna yawan cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma direbobin da suka yi zamani da Shata sun fi mu yawan faɗin haka, kuma ba su taɓa fita ba tare da sun zaro sandar baƙin mai ba. Su suka san ma'anar tashi in taimake ka.

Tarihin nan ya nuna mana cewa daga zamanin burji zuwa yau, mai ceto na farko a hanyar Dayi shi ne direba, da fasinja, da manomin da ya jefar da fartanya ya rugo. Motar asibiti, idan ta zo, bayansu take zuwa. To me zai hana a ba waɗannan mutane ilimin? Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Dayi da Malumfashi da Funtuwa za su iya hana mota mai mataccen birki ko suɗaɗɗiyar taya yin lodi, ikon yana hannunsu. 'Yan Road Safety da KASSAROTA da Red Cross za su iya zuwa ranar kasuwa su koya wa masu faci da 'yan acaɓa da masu shayin bakin hanya yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaukar mai karaya. Limamai su taɓa batun a huɗuba, musamman yanzu da kaka. Ƙasar da ta iya juya direbobinta duka daga hagu zuwa dama a rana ɗaya, ba za ta gaza wannan ba.

Mu fasinjoji ma da namu. Idan ka ga taya ta suɗe kamar tafin hannu, ka sauka ka jira ta gaba. Idan direba na gudun wuce sa'a, ka yi magana, ko da za a ce maka matsoraci. Gara a ce ka makara a ɗaurin aure.

Wanda ke da tsohon direba a gidansu ko a unguwarsu, ya je ya zauna da shi ya tambaye shi yadda suke yi kafin su bar tasha. Ilimin yana nan a ƙirjinsu, kuma kullum raguwa suke. Gobe da safe kuma, kafin ka murza makulli, ka buɗe but ka taɓa safaya tayarka.

Allah Ya jiƙan waɗanda hanya ta ɗauke mana, Ya ba masu jinya lafiya, Ya kai kowa gida lafiya. A tura wa direban gida.